An Kira Magariba Ina Tsakiyar Jefa Ɗan Ludo

A ƙarshen 2023, lokacin da dala ta tsallake naira 1,000 a Wapa, masu hankali suna ɗaure bakin aljihu, ni kuwa a lokacin ne na ga ya dace in nemi digiri na biyu a Amurka, a fannin injiniyancin kuɗi. Karatu ne na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana haɗa lissafi da kwamfuta da harkar kasuwa a koya maka yadda ake yanka wa kasada farashi. Tun da Fischer Black da Myron Scholes suka fitar da dabararsu a 1973 bankuna ke farautar masu wannan ilimi. Makarantun da ake rububi sanannu ne: Baruch da Columbia a New York, Carnegie Mellon, Berkeley. Lissafi na karanta a jami'a, don haka na shiga da ƙarfin gwiwa. Ashe a duk harkar lissafin ne kaɗai ke hannuna, saura duk yana aljihun wasu.

Jarrabawar GRE, wadda ake yi don neman gurbin digiri na biyu a Amurka, ita ce matakin farko. Daga Satumbar 2023 an gajarta ta, ba ta cika awa biyu ba. Ɓangaren lissafi tambayoyi 27 ne a minti 47, makin yana tashi daga 130 zuwa 170. Tambayoyin na sakandare ne, amma a wannan fanni wanda ya ci 165 ba ya ɗaga murya, domin abokan takararsa 168 zuwa 170 suke kawowa. Ɓangaren kashi biyu ne, na biyun yana tsananta gwargwadon yadda ka yi a na farko, saboda haka idan ka ga ya yi maka laushi, kada ka yi murna. Kafin ma a kai nan akwai batun suna. Dole sunan rajista ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, in ba haka ba a bakin ƙofa za a sallame ka. Sunan mahaifina kuwa kowace takarda da nata ra'ayin: ta sakandare da "o", ta digiri da "u", fasfo ya ƙara "m" ɗaya kyauta. Sai da na je kotu na yi rantsuwa cewa dukkansu mutum ɗaya ne ya haife su. Biyan kuɗin ma wani yaƙi ne, katin naira ya ƙi, sai da na buɗe asusun dala, mai canji yana kallona da tausayi yana ƙirga min.

Takardar sakamakon digirina ita ce ta tsufar da ni. Wasu makarantu suna karɓar hoton wadda ke hannunka har sai sun ɗauke ka, wasu kuma suna son hukumar WES, mai auna takardun karatun ƙasashen waje, ta tantance ta darasi bayan darasi. WES ba ta karɓa daga hannun ɗalibi, sai jami'a ta aika da kanta. Hankali ya yarda da wannan. Na biya, na karɓi rasit, na kai ofishin da ke ajiye sakamako. Aka ce fayil ɗina yana sashenmu. A sashe aka ce yana tsangaya. A tsangaya aka ce mai makullin ya tafi ta'aziyya. Da ya dawo aka buɗe kabad, sai ga sakamakon shekara uku, na aji biyu babu. Wani dattijon masinja ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka tabbata ka yi aji biyu?" Wallahi sai da na ɗan yi tunani. Daga baya aka gano shi a fayil ɗin wani mai suna irin nawa wanda ya karanta kimiyyar tsirrai.

Wannan ajin kuwa shi ne ake nema, domin a nan na yi aljabarar jeri da kalkulas mai canji da yawa da ilimin yiwuwa, su ne darussan da kwamitin ɗaukar ɗalibai ke fara dubawa. Duk mai wannan niyya ya fara da takardar nan tun kafin ya buɗe littafin GRE. Kuma kada ya ɗauki makinsa na ma'aunin 5.0 ya raba ya ninka da 4 ya rubuta. A wurinmu A daga 70 take farawa, a can sai ka kai wajen 90. Rubuta makin yadda jami'a ta ba ka, ka faɗi ma'aunin, su yi lissafinsu.

Sai wasiƙun shaida guda uku. Kai kake saka adireshin imel na malamin, na'ura ta aika masa mahaɗi, shi ya ɗora wasiƙar da hannunsa. Akwai akwatin da ake tambayar ko ka yafe haƙƙin karanta abin da ya rubuta. Ka yafe, domin wasiƙar da ɗalibi zai iya leƙawa ba ta da nauyi a idonsu. Sun kuma fi son imel na jami'a. Farfesana yana da shi, amma rabonsa da buɗewa tun ranar da aka ƙirƙira masa. Na kira shi.

"Ranka ya daɗe, an turo saƙo."

"Ban gani ba."

"Ko za a duba akwatin tarkace?"

"Kai, ni zan shiga bola saboda kai?"

Ya shiga dai, Allah ya saka masa. Wasiƙar da ya fara nufin turawa layi huɗu ce, ya karanta min a waya yana alfahari: yaro ne mai ladabi, ba a taɓa kama shi da laifi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ta neman aure ce." Abin da suke so shi ne darasin da ya koyar da ni, matsayina a cikin ajin, da aikin binciken da na yi a ƙarƙashinsa. Na tura masa takardar tarihin karatuna da taƙaitaccen aikin, ya sake rubutawa. Wa'adi ƙarfe 11:59 na dare ne agogon New York, wato 5:59 na asuba a Kano a watan Disamba. Farfesa ya ɗora tasa bayan ya idar da sallar asuba, ni kuma ina zaune gaban kwamfuta ban rintsa ba.

Bayanin manufa, wato rubutun dalilin da ya sa nake neman karatun, na fara shi da cewa tun ina yaro nake son lambobi. Wani abokina da ya riga ni tafiya ya ce rabin duniya haka suke farawa. Sai na koma ga abin da na sani. Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Ka ɗauka ka ba shi kafin alƙalamin da ba a mayarwa, a kan zai sayar maka da buhun masara a wani farashi bayan wata uku in ka so. Masara ta yi tsada, ka ɗauka a tsohon farashi. Ta faɗi, ka bar masa kafin alƙalamin ka tafi kasuwa. Tambayar da dukan fannin ya ginu a kai ita ce nawa ya kamata wannan kafin alƙalami ya zama. Na rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen Python mai gwada hakan, na ambace shi. Shi ma ba banza ba, domin Python ko C++ sharaɗi ne, kuma rubuta "na iya" ba tare da aikin nunawa ba gayyatar tambaya ce.

Makaranta ɗaya ta kira ni ganawa ta bidiyo a tsakiyar Maris 2024, ƙarfe ɗaya na rana agogonsu. Na ƙara awa shida, ya ba ni bakwai na yamma. Azumi ya kama ranar 11 ga wata, na ce madalla, in sha ruwa in yi magariba in zauna da ƙarfina. Ashe ranar 10 ga Maris Amurka ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, kamar yadda take yi duk Lahadi ta biyu ta Maris, tazarar ta koma awa biyar. Ƙarfe shida da minti uku ina tsakar gida da singileti ina taya Hajiya jera kofunan kunu, waya ta yi ƙara: muna jiranka. Na zura kwat a kan singiletin, zanin wanka a ƙasa, leɓe a bushe.

Malamin bai tambayi lafiyar gida ba. Ya ce in ana jefa kwabo, jifa nawa ake sa ran yi kafin fuska ta fito sau biyu a jere? Na ce huɗu. Ya yi shiru irin na likita. Na sake bi a hankali da murya: in baya ya fito ka koma farko ka yi asarar jifa ɗaya, in fuska sannan baya ka koma farko ka yi asarar biyu, in fuska biyu ka gama. Amsa shida. Huɗu ta fuska sannan baya ce. Ya gyaɗa kai. A irin wannan ganawa hanyar da ka bi suke saurare, wanda ya yi shiru yana lissafi a zuci ya hana su abin da suka zo ji.

Ta biyu: ka jefa ɗan ludo, a biya ka dala gwargwadon lambar da ta fito, kana da damar sake jifa sau ɗaya in ba ka gamsu ba. Nawa wasan ya cancanta? Ina cikin bayanin cewa matsakaicin jifa 3.5 ne, don haka 1 da 2 da 3 sai a sake, 4 da 5 da 6 a riƙe, sai lasifikar masallacin layinmu ta ɗauka. Ƙanwata ta banko ƙofa da faranti: "Yaya, Hajiya ta ce ka sha ruwa, wai caca kake yi da Bature da azumi a bakinka?" Na ce 4.25, dabino a hannu. Malamin ya tambaya ko gobara ake yi. Na ce a'a, buɗa-baki ne, ya ce in sha ruwana. Sai aka ɗauke wuta, muka ƙarasa yana kallon haƙorana kawai.

Bayan 'yan makonni saƙo ya zo, sun ɗauke ni. Murna ba ta kai la'asar ba na karanta sakin layi na biyu. Kafin su ba da takardar I-20, shaidar makaranta ta neman bizar ɗalibi, wadda sai da ita ake biyan kuɗin SEVIS (rajistar ɗaliban waje) da na biza, dala 350 da 185 a lokacin, dole in nuna shaidar banki ta kuɗin shekarar farko, karatu da masauki da abinci. A wasu makarantun kuɗin karatu kaɗai ya haura dala 80,000, tallafi kuma a wannan fanni ɗan kaɗan ne, don sun san aikin da ke jiran masu gamawa. A watan Fabrairu dala ta riga ta wuce naira 1,500.

Na tafi Dawanau wurin Kawu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai tsaya min. Na ce ana buƙatar takardar banki ta 'yan watannin baya. Ya miƙe ya buɗe sito, buhuna har rufi, ya ce, "Ɗauki hoto ka tura musu." Na ce ba sa karɓar masara, sai kuɗi a asusu. Ya ce in ya sayar yanzu ya yi asara, farashi sai Yuli yake kai ƙarshe. Na ce wa'adin nan da mako uku ne. Ya gyara hula ya ce, "To tambaye su nawa ne kafin alƙalami, su riƙe maka kujerar zuwa baɗi." Na tambaya. Akwai shi, sun faɗi kuɗin, kuma ba a mayarwa.