Kwamfutar Pantami da Ƙofa ta 3389

Aiki yakan kai ni Bajoga, wani lokaci Kaltungo, amma duk lissafin shagonmu yana cikin babbar kwamfutar da ke falon gidanmu a Pantami. Bukatata ɗaya ce: in buɗe laftof a duk inda nake, in ga fuskar waccan kwamfutar. Windows na da abin da ke yin haka, Remote Desktop, da sharaɗin kwamfutar da za a shiga ta kasance Pro, domin Home ba ta karɓar baƙo. Tawa Pro ce. Na kunna shi, na tabbatar akawun ɗin na da kalmar sirri ta gaske, saboda PIN ɗin da ake shiga da shi a gida ba ya aiki daga nesa.

Sai rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, irin mai cin layin waya. Na buga umarnin duba adireshi, wato ipconfig, ya nuna kwamfutar tana 192.168.0.105, rautar kuma 192.168.0.1. Na shiga shafinta na ɗaure wannan adireshi da lambar MAC ta kwamfutar, wato lambar da rauta ke gane ta da ita, don kada gobe ta farka ta miƙa wa wayar wani yaro 105. Daga nan na tura ƙofa: duk wanda ya ƙwanƙwasa 50123 daga waje, a wuce da shi 3389 ta kwamfutar, wato ƙofar da Remote Desktop ke amfani da ita. Ban bar 3389 tsirara ba, domin masu laluben intanet dare da rana suke gwada ta, kodayake sauya lamba rage hayaniya kawai yake yi, ba ya hana ɓarawo. Na yi wa gidan suna a DuckDNS, shafin da ke ɗaure suna da adireshin intanet, saboda adireshin waje yakan canza.

Gwaji daga cikin gida ba gwaji ba ne, sai an fita daga Wi-Fi ɗin. Na ɗauki laftof na tafi teburin mai shayin bakin layinmu, na jona da datar wayata, na buga mstsc, umarnin buɗe Remote Desktop, na sa sunan da lambar ƙofa. Ta yi ta juyi, ta ce ba ta samu kowa ba. Na koma gida na duba katangar tsaron Windows, lafiya lau. Na dawo. Shiru. Na yi ta safa da marwa har mai shayi ya daina tambayata, da ya hango ni sai ya fasa ƙwai.

Amsar tana shafin farko na rautar. Adireshin wajen da take nunawa ya fara da 100.72, amma shafin duba IP a intanet yana nuna wani dabam mai farawa da 102. In waɗannan biyun suka saɓa haka, to kana bayan CGNAT, wato adireshin waje ba naka ba ne kai kaɗai. Daga 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255 an ware su ne tun 2012 don kamfanonin intanet su tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, tun da irin waɗannan adireshi, wato IPv4, kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma an rabe su. Gidan haya ne: na wangale ƙofar ɗakina, amma makullin get yana aljihun mai gida. Na kira kamfanin layin in ji ko za su ba ni adireshi nawa na kaina. Wadda ta ɗauka ta saurare ni da haƙuri har na gama, ta ce in kashe rautar in kunna, sannan ta tambaya ko ina son ƙarin data.

Na goge dokar ƙofar, na saka Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urori ta keɓaɓɓiyar hanya, a kwamfutocin biyu da akawun ɗaya. Kowace ita ke miƙa hannu waje, don haka ba ruwan kowa da get. Adireshin da ya ba kwamfutar gida ma da 100 ya fara, na ce to ku kuma dangi ne? Amma ya yi aiki. Saura kuma sha'anin wuta: na hana kwamfutar barci, na sa Tailscale ya tashi ko ba wanda ya shiga akawun, na jona rautar da ƙaramin batir mai bolt 12, a BIOS kuma, wato saitin da ke zuwa kafin Windows ta tashi, na saita kwamfutar ta kunna kanta duk lokacin da aka dawo da wuta.

Ranar da na isa Bajoga na shiga salin alin. Ina tsakiyar lissafi sai aka yi waje da ni. Na sake shiga, aka sake fitar da ni. Abin da ke faruwa shi ne Windows Pro mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda: in ka shiga daga nesa, allon gida yana kullewa, in na gida ya buɗe da akawun ɗinka, kai kuma ka fita. Ƙanena ya san PIN. Muka yi ta kokawa ba wanda ya san da wani, har wayata ta yi ƙara.

“Hamma, kwamfutar nan ba lafiya ba. Ina kallon ƙwallo tana kulle kanta.”

Na ce ni ne, ya tashi daga wurin. Kafin in gama bayani Hajiya ta karɓi wayar. Ta ce ai ita tun shekaranjiya take lura, ƙarfe biyun dare da aka kawo wuta ta ga abin ya haskaka falo, fanka na huci, ba kowa a wurin. Na ce Hajiya ni na saita ta haka.

“Kai kana Bajoga?”

Na ce eh, ranki ya daɗe, daga nan nake shiga.

Ta yi salati. Ta ce ta riga ta zare wayar wutar kwamfutar daga bango ta lulluɓe ta da zani, kuma in na dawo ni da kwamfutar duka za mu je wajen Malam.