Ƙungiyoyin goyon baya sun cika Zariya, ofishin gunduma kuwa a garƙame

Duk inda mutum ya waiga a Zariya kwanakin nan, daga Ƙofar Doka zuwa PZ, daga Tudun Wada zuwa Samaru, kyallayen sababbin ƙungiyoyin goyon baya ne ke kaɗawa. Kowacce da shugabanta na ƙasa, da kodineta na jiha, da na shiyya, har da mai magana da yawunta. A kama ɗakin taro, a raba riguna da huluna, a yi hoto a zuba a Facebook, a karɓi kuɗin mota a watse. Ofishin jam'iyya na gunduma kuwa, ɗan shagon nan mai fentin tuta, kwaɗo ne a ƙofarsa wata da watanni, wani ma kuɗin haya ya ci shi an mayar da shi wurin cajin waya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne karatun da ake ɗora matasa a kai: wai siyasa kasuwa ce, wanda duk ya yi wa jam'iyyarsa aiki ba a damƙa masa komai ba, bai san ciwon kansa ba.

Wannan karatu ƙarya ne, kuma masu koyar da shi su ne suka fi kowa cin moriyarsa. A tuna zaɓen gwamnan Kaduna na 2023. An bayyana Uba Sani da ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru da 719,196, tazara 10,806 ke nan a jihar da ke da rumfunan zaɓe sama da dubu takwas. A raba, ba ta kai ƙuri'a biyu a kowace rumfa ba. Mutum biyu da aka ƙwanƙwasa wa ƙofa aka tuna musu su fito, ko ƙuri'a biyu da aka ce sun lalace ejan, wato wakilin jam'iyya a rumfa, ya tsaya ya nuna ba su lalace ba, su ne tsakanin gidan gwamnati da zaman gida. Babu kodinetan ƙasa da ke yin wannan aiki. Ɗan unguwa ne ke yinsa, wanda ya san gidan kowa, kuma kowa ya san gidan ubansa.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin ejan shi ne ya rataya kati a wuya ya zauna a inuwa. A zaɓen 2023 ana buɗe rumfa da ƙarfe takwas da rabi na safe, don haka ejan na ƙwarai tun bakwai da rabi yana wurin. Shi zai ga an ɗaga akwati an nuna wa jama'a babu komai ciki. Shi zai leƙa na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ya tabbatar adadin waɗanda aka tantance sifili ne kafin mutum na farko ya sa yatsa. Zai rubuta yawan takardun ƙuri'ar da aka kawo, ya lura ko malamin zaɓe na buga hatimi da sa hannu da kwanan wata a bayan kowace takarda kafin ya miƙa. Ƙarfe biyu da rabi idan ta yi, zai san wane ne na ƙarshe a layi, domin duk wanda ke kan layi a lokacin yana da haƙƙin ya jefa, wanda ya zo daga baya kuma ba shi da shi. Nan ake fara rigima a rumfuna da yawa, kuma ejan da ya tafi cin abinci a wannan sa'a ya bar ƙofa a buɗe.

Wurin ƙirga ne ake gane ejan da ɗan rakiya. Ana ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, a ƙirga da ƙarfi a gaban kowa, sannan a cike fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa. Lissafin ba shi da wuya: ƙuri'u masu kyau a haɗa da waɗanda aka ƙi, jimlarsu kada ta wuce adadin da na'ura ta tantance. In ta wuce ko da ɗaya ne, Dokar Zaɓe ta 2022 ta kira shi aringizo, hukuncinsa soke sakamakon rumfar baki ɗaya. Rumfar da jam'iyyarka ta yi rinjaye da ɗari biyu tana iya tashi a banza saboda takarda uku da wani ya cusa. Idan irin waɗannan sokakkun rumfuna suka taru har masu katin zaɓe a cikinsu suka fi tazarar da ke tsakanin 'yan takara, sai a ji an ce inkonkulusib, wato zaɓe bai kammala ba, a koma zagaye na biyu inda mai kuɗi ke tattara ƙarfinsa duka a kan rumfuna kaɗan. Ejan zai duba cewa abin da aka rubuta da lamba shi aka rubuta da kalmomi, kada 17 ta wayi gari 171. Zai ƙi sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, komai hanzarin da aka nuna masa da sunan dare ya yi. Zai karɓi nasa kwafin, ya ɗauki hotonsa da na takardar da aka liƙa a bango, sannan ya bi sakamakon har cibiyar tattarawa ta gunduma inda ake juye shi cikin fom EC8B na sakamakon gunduma. Kirarin nan na a kasa, a tsare, a raka, bayanin aiki ne daki-daki, kuma rakiyar ce ta fi wuya, domin da dare ake yinta, a ajin firamare da hasken tocila, bayan kowa ya gaji.

To ina wannan aiki ke lalacewa? Tun daga jerin sunaye. Dokar 2022 ta ce jam'iyya ta miƙa sunan ejan da hotonsa da samfurin sa hannunsa aƙalla kwana 14 kafin zaɓe. Da yake an mayar da kujerar ejan hanyar samun 'yan dubbai, sai jerin ya zama ganima. Mai faɗa a ji a gunduma ya cusa ƙannensa da yaran shagonsa, a tura ɗan Gyallesu ya tsare akwati a Dutsen Abba inda bai san kowa ba, ba zai iya bambance mai rumfar da baƙon da aka yi haya ba. Wani bai iya haɗa lamba uku ba. Wani wayarsa ta mutu tun azahar don babu wanda ya yi tunanin batirin ajiya. Kuɗin da aka ware kuma sai ya maƙale a hannu uku kafin ya iso, rabinsa ya zube a hanya, ejan ya yini da yunwa yana huci. A wannan hali ɗan ɗaya ɓangaren zai matso da ninkin abin da aka yi masa alkawari, ya ce ya je ya yi sallah ya huta. Wanda kuɗi ya kawo shi, kuɗi ne zai tashe shi. Mutumin da ya zo don yana son jam'iyyar, kuma gobe zai haɗu da maƙwabtansa a masallaci su tambaye shi yadda aka yi akwatinsu ya faɗi, ba a sayensa da arha haka.

Ɓarnar ba ta tsayawa ranar zaɓe. Mai ƙorafi kwana 21 kacal gare shi ya shigar da ƙara, kotun zaɓe kuma kwana 180 ta yanke hukunci. Kotuna sun sha nanata cewa abin da ya faru a rumfa, wanda ya tsaya a rumfar ya gani da idonsa shi ne shaida. Ɗan takarar da ejan-ejan ɗinsa suka watse ba kwafi, ko aka neme su aka rasa don dama sunayen bogi ne, zai tara manyan lauyoyi ya zuba takardu buhu-buhu, a ce masa babu mai magana a kansu. Masu cewa ai yanzu na'ura ta gama komai, su tuna yadda sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa IReV, shafin intanet da INEC ke ɗora sakamakon rumfuna, a daren zaɓen 2023, da yadda Kotun Ƙoli ta ce shafin ba wurin tattara sakamako ba ne. Takardar da ke hannun ejan ita ce hujja.

Akwai kuma waɗanda laifinsu ya fi na 'yan riga da hula, su ne masu ilimin garin nan. Zariya ce ke da Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejin Nuhu Bamalli, da Barewa, da Alhudahuda, ga makarantun zaure a kowane lungu na cikin birni. Ba na jin akwai wata rumfa a gundumomi 13 na ƙaramar hukumar Zariya ko 11 na Sabon Gari da za a rasa malamin makaranta, ko ɗan fansho, ko ɗalibin da ya iya lissafi. Amma ka ce wa ɗayansu ya yanki katin jam'iyya ya zo taron gunduma, sai ya yamutsa fuska ya ce siyasa ƙazanta ce, shi ba ya shiga cikin 'yan jagaliya. Da yamma kuma shi ne a majalisa yana zagin kansila, yana cewa an ɗora musu wanda bai san komai ba. Wa ya ɗora shi? Waɗanda suka halarci taron da kai ka raina. A gunduma ake zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji da shugabar mata da shugaban matasa, daga nan daliget suka fito a zaɓukan fid da gwani na 2022, kuma ko ƙato bayan ƙato za a yi, rajistar 'yan jam'iyya ta gunduma ce ke nuna wanda zai tsaya a layi. Dokar 2022 ta wajabta wa jam'iyya ta miƙa wa INEC wannan rajista kwana 30 kafin taron. Wanda ke riƙe da littafin nan ya fi mai dogon sharhi a rediyo ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ba don ya fi kowa cancanta ya riƙe shi ba, don shi kaɗai ya zo.

Aikin da ke tsakanin zaɓe da zaɓe ma ba a ganinsa a hoto, shi ya sa ƙungiyoyin goyon baya ba sa kusantarsa. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajista, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Cikin waɗanda suka zauna a gida akwai wanda ya yi rajista bai karɓi katinsa ba, da amaryar da aka kawo daga Giwa ko Soba katinta na can, da wanda aka sauya wa rumfa lokacin da INEC ta ƙara yawan rumfuna zuwa 176,846 a 2021, ya je tsohuwar bai ga sunansa ba ya koma gida. Gyaran kowanne sai an zauna da rajistar rumfa, an bi ta suna-suna, an san wanda ya rasu da wanda ya ƙaura da wanda ya cika shekara 18. Mutum biyar sun isa rumfa guda idan sun raba layukan unguwa a tsakaninsu. Cikin biyar ɗin dole a sami mata biyu, domin a cikin birni namiji ba ya wuce zaure, kuma matan da ke ciki su ne suka fi jure wa layi ranar zaɓe. Jam'iyyar da ke tuna mata sai ana saura kwana uku, ta aika da taliya da sabulu da atamfa, ita ta koya musu cewa abin da ƙuri'arsu ta kai ke nan.

Za a ce talauci ne, mai yunwa ba ya aikin sa kai. Hajiya Gambo Sawaba ba 'yar masu kuɗi ba ce. A garin nan ta tashi, ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya, aka ɗaure ta sau da dama, aka yi mata duka, tana yawo tana tara mata a lokacin da matan Arewa ko ƙuri'ar ba su da ita. Teloli da 'yan koli da masu sana'ar hannu ne suka riƙe wannan tafiya, su kuma magadansu suka kai Balarabe Musa gidan gwamnati a 1979 ƙarƙashin PRP. Yau sunanta na kan babban asibitin Ƙofar Gayan, amma irin aikinta an bar wa wanda aka yi wa alkawarin dubu biyar. Ban ce ejan ya yini da ƙishirwa ba. Abinci da ruwa da kati a waya da kuɗin mashin zuwa cibiyar tattarawa haƙƙinsa ne, kuma 'yan rumfar da kansu suna iya haɗa shi da ɗari biyu-biyu. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi lada, har mutum ya riƙa tambayar nawa ne kafin ya tambayi wane ne ɗan takarar.

Lamarin ya ƙara nauyi tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai tsaye. A zaɓen ƙananan hukumomin Kaduna na Oktoban 2024, jam'iyya mai mulki ce aka bayyana ta lashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255 gaba ɗaya. Kowa na da ra'ayinsa a kan yadda aka yi, amma darasin ɗaya ne ga kowane ɓangare. Ɗan jam'iyya mai mulki ya gane cewa a cikin gida ake zaɓar masa kansila, ranar da ake cewa an yi masalaha shi yana gida. Ɗan adawa kuma ya gane cewa kukan maguɗi ba ya zuwa ko'ina idan rabin rumfunansa babu wanda ya tsaya.

Masu zuba kuɗi a ƙungiyoyin goyon baya su karkatar da kuɗin riguna zuwa hayar ofishin gunduma, a buɗe shi ko sau ɗaya a mako, a liƙa rajistar mambobi a bango kowa ya ga sunansa. Ejan kuma 'yan rumfarsa su zaɓe shi tun da sauran watanni, a zaunar da shi da kwafin EC8A ya cike sau uku ko huɗu har hannunsa ya saba. Shugaban gundumar da ya ƙi yarda da wannan, ya nace sai shi zai rubuta jerin shi kaɗai a ɗakinsa, 'yan gundumarsa su tambaye shi dalili a taro, a gaban kowa.