An Kama Gara Da Kayan Sata A Cikinta

Baƙauye ne ya shigo gari sayen azara, saboda gara ta cinye masa ƙafafun rumbu, sai ya tarar da Ɗan Boko zaune a rumfar Alhaji Bakano yana nuna masa wani hoto a waya.

BAƘAUYE: Salamu alaikum. Yaro, mene ne wannan da ya hana ku amsa sallama da wuri, ku biyu kun dunƙule a kan waya?

ƊAN BOKO: Amin alaikumus salam, Baba, a gafarce mu. Gara ce muke kallo, wadda ta maƙale a cikin daskararren ƙaro tun kimanin shekara miliyan 20 da suka wuce, kuma har yau jikinta bai ruɓe ba.

BAƘAUYE: Alhamdu lillahi, ashe dai akwai ƙasar da hukuma take aiki! Tun ina yaro nake ganin gara tana cin dukiyar talaka, ban taɓa jin an tsare ko ɗaya ba sai yau. Wane alƙali ne ya yanke mata wannan ɗauri, in yi masa addu'a?

ƊAN BOKO: Ba alƙali ba ne, Baba, itace ne. A ƙasar da ake kira Jamhuriyar Dominika, a yankin Karibiyan, an yi wata bishiya mai suna Hymenaea protera, wadda idan jikinta ya ji rauni sai ta zubar da ƙaro mai danƙo, duk ƙwaron da ya taka kuwa ya zauna ke nan, sannan ƙasa ta binne ƙaron har ya taurare. Bishiyar ta ƙare a duniya, ita ma wannan garar irinta ya ƙare.

BAƘAUYE: To, ai shari'ar ta ƙara yi mini daɗi, tunda wanda aka zalunta shi ne ya yi kamun da kansa.

ALHAJI BAKANO: Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Ɗan Boko, shi wannan ƙaron, da awo ake sayar da shi ko da ƙidaya?

ƊAN BOKO: Alhaji, a yi haƙuri in gama. A shekarar 1991 ne wasu masana biyu, Kumar Krishna da David Grimaldi, suka bayyana wannan gara a rubuce, suka sa mata suna Mastotermes electrodominicus. A shekarar 2002 kuma wasu masu bincike, cikinsu har da Lynn Margulis, suka yanka ƙaron sala-sala suka duba hanjinta da madubin ƙara girma, sai ga ɓurɓushin itacen da ta ci yana nan.

BAƘAUYE: Ka ce an kama ta da kayan sata a cikinta! Wannan ai ko shaida ba a nema, balle a sa ta rantsuwa.

ƊAN BOKO: Ba itacen kaɗai aka gani ba. An ga ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda suke zaune a hanjinta, domin su ne suke taimaka mata wajen narkar da itace, in babu su kuwa irin wannan gara sai ta mutu da yunwa ko da cikinta a cike yake.

BAƘAUYE: Na daɗe ina faɗa wa mai unguwarmu cewa ɓarnar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya, dole akwai masu karɓar kaya. Su ma an haɗa da su a ɗaurin?

ƊAN BOKO: Duk suna ciki, Baba. Har kumfar iskar da ta fita daga cikinta lokacin da ƙaro ya rufe ta tana nan manne da jikinta, an kuma sami iskar mitan, wato wata iskar gas mai kamawa da wuta, a cikin kumfar.

BAƘAUYE: Subhanallahi! Yaro, rage murya, akwai mutane a kasuwa. Ko ɓarawo ne ai yana da mutunci, kuma wanda ya ga kamu ya tabbata a kansa, ba abin mamaki ba ne cikinsa ya ɗuri ruwa. Abin da ban so ba shi ne a ajiye wa baiwar Allah abin kunyarta shekara miliyan 20, sannan a kira malamai su zo su auna.

ALHAJI BAKANO: To, ita garar ba ta bar magada ba, waɗanda za a yi ciniki da su?

ƊAN BOKO: A duk zuriyar Mastotermes, wadda a da ta bazu a nahiyoyi da yawa, iri ɗaya ne ya rage da rai, shi ne Mastotermes darwiniensis, a arewacin Ostireliya. Tana cin katako da amfanin gona da fata, har da tayar mota. Tana kuma yin ƙwai a dunƙule kamar yadda kyankyaso yake yi, domin binciken da aka wallafa a 2007 ya tabbatar da cewa gara reshe ce a cikin dangin kyankyaso.

BAƘAUYE: Yanzu kana nufin shingen da muke soyawa da damina, muna barbaɗa masa gishiri da yaji, ɗan'uwan kyankyaso ne?

ƊAN BOKO: Haka masana suka ce, Baba.

BAƘAUYE: Wannan maganar ta tsaya a rumfar nan, kada ta kai kunnen mai ɗakina. Amma tunda akwai magaji a raye, ka rubuta mini takarda zuwa Ostireliya, a biya ni diyyar rumbuna.

ƊAN BOKO: Baba, garar da ta ci rumbunka wata iri ce daban, 'yar gida ce, ta Ostireliya ba ta taɓa taka ƙauyenku ba.

ALHAJI BAKANO: Malam, bar wahalar da kanka da takarda. Ina da ƙaron dakwara buhu-buhu a sito, ka sayi biyu ka shafe ƙafafun rumbu, duk garar da ta zo ta tarar da kurkukunta a shirye.

ƊAN BOKO: Alhaji, ƙaron dakwara narkewa yake yi a ruwa, shi ya sa ake zuba shi a tawada, ba irin wancan ba ne. Ko irin wancan ɗin ma sai ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa miliyoyin shekaru kafin ya taurare haka.

ALHAJI BAKANO: Kai yaro, ba a shiga cinikin manya. Malam, nawa ma zai taurare, haƙuri kawai ake buƙata, kuma saboda kai ne zan rage maka kuɗin dako.

BAƘAUYE: Na yarda, Alhaji, a ɗaura mini buhu biyu a kan jaki. Ɗan Boko, kai ne shaida, rubuta cewa bashi na ɗauka, kuma ranar da ƙaron ya taurare da gara a ciki, ranar zan kawo kuɗi da kaina.