Tattalin Wuta Da Shara A Makaranta: A Nuna Wa Ɗalibai Mita, A Ba Su Sikeli

A yawancin makarantunmu tsintar shara horo ce. Yaron da ya makara da safe, ko yarinyar da aka kama tana surutu a aji, su ake turawa su bi harabar makaranta suna tsince ledojin ruwa da yagaggun takardu, firifet na biye da su da tsumagiya, sannan a tara abin da suka tsinto a bayan azuzuwa a cinna masa wuta. Da wannan tarbiyya ɗalibi yake tashi, yana kallon aikin tsaftace muhalli a matsayin wulaƙancin da ake ɗora wa mai laifi. Shi ya sa idan ranar 5 ga Yuni ta zagayo, wato Ranar Muhalli ta Duniya, aka kafa ƙungiyar kare muhalli, aka raba riguna, aka ɗauki hoton shugaban makaranta yana dasa bishiya, ba a cika yin wata biyu ba sai maganar ta sha ruwa, bishiyar kuma awaki su cinye ta.

Ra'ayina shi ne irin wannan aiki ba ya ɗorewa sai ɗalibai ne ke riƙe da lissafinsa, su ne ke yanke shawara, kuma suna ganin inda ribar ta tafi. Wannan ba sabon tunani ba ne. Shirin Eco-Schools, wanda gidauniyar ilimin muhalli ta FEE mai hedkwata a Denmark ta fara a 1994, shekara biyu bayan taron muhalli na duniya da aka yi a Rio de Janeiro, a yau yana gudana a ƙasashe fiye da 60, kuma matakinsa na farko shi ne kafa kwamitin da ɗalibai ke jagoranta. Kafin a dasa ko da tsiro ɗaya, kwamitin ne ke zagaya makarantar ya binciki inda wuta da ruwa ke zurarewa da irin sharar da ake tarawa, ya tsara abin da za a yi, ya riƙa aunawa yana rubutawa. Koriyar tutar da shirin ke ba makaranta a ƙarshe a matsayin lambar yabo ba ta dame ni ba. Abin koyi shi ne yadda aka sa bincike da awo a gaba, aka bar biki a baya.

A ɗauki misalin lantarki. Tun watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauta daga baya, duk makarantar da ke kan irin wannan layi ta san cewa fankar da aka bari tana juyawa a ajin da babu kowa kuɗi take ci. Fankar sama tana jan kimanin wat 70. Idan aji yana da huɗu, aka tashi da ƙarfe biyu na rana ba a kashe su ba har ƙarfe takwas na safiyar gobe, an ƙona kusan yunit 5, wato sama da naira 1,000 a aji ɗaya cikin dare ɗaya. Wannan lissafi ne da ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare zai iya yi a kan allo, kuma ya fi masa amfani a kan tambayoyin sayen lemo da mangwaro da ake ba shi a darasin lissafi. Amma ta yaya zai yi shi alhali mitar tana kulle a ofishin akawu, takardar kuɗin wuta kuma ta zama sirri tsakanin shugaban makaranta da mai makaranta? Yaron da aka ce wa "ka kashe fitila" kawai zai kashe ta yau ya manta gobe. Wanda kuwa aka ba shi littafi yana karanta mita kowace Litinin da Juma'a, yana manna sakamakon a allon sanarwa kowane aji ya gani, shi ne zai koma da gudu bayan an kaɗa ƙararrawa don ya duba ko monita ya bar fanka a kunne.

Na san abin da mai karatu zai ce: wace wuta? Gaskiya ne, makarantu da yawa a ƙauyuka, har ma da wasu a cikin birni, ko waya ba a ja musu ba, waɗanda aka ja wa kuma sai a yi kwanaki ba a ga ƙyallinta ba. To, a nan ne kwafo tsarin wata ƙasa baƙi da baƙi yake zama shirme. Makamashin da makarantar kwana a Arewa take ci da gaske yana bayan kicin ne, inda ake jibge itace mota-mota. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan makaranta ya san yadda abin yake: manyan tukwane a kan duwatsun murhu uku, iska tana kwashe harshen wuta tana watsawa gefe, masu girki suna hawaye saboda hayaƙi, ga wake da ba a jiƙa ba yana ta cin itace tun hantsi. Murhun duwatsu uku yana asarar mafi yawan zafin itacen da aka zuba masa, kuma wannan asara ce a yankin da hamada ke matsowa, har ƙasashen Afirka suka amince da shirin dashen bishiyoyi na Babbar Koriyar Ganuwa a 2007 don tare ta. Ɗaliban kimiyya za su iya auna itacen da ake ƙonawa a mako, su gina murhun laka mai rufaffen gefe tare da magina na gari, su sa a riƙa rufe tukunya ana jiƙa wake tun dare, sannan su sake aunawa su ga bambanci. Haka ma dizal ɗin janareta, da batirin sola da ake kashewa da wuri saboda an bar ƙwayayen fitila suna ci har rana ta take.

Batun shara ya fi sauƙin jan hankali domin akwai kuɗi a cikinsa a fili. A unguwar Ajegunle da ke Legas, makarantar Morit International ta yi suna wajen karɓar robobin ruwa da na lemo a madadin wani ɓangare na kuɗin makaranta, ƙarƙashin wani shiri na ƙungiyar African Clean Up Initiative: iyaye su kawo robobi, a ɗora a sikeli, kamfanin sake sarrafa shara ya saya, a rage musu bashi. A jihar Assam ta Indiya ma makarantar Akshar tana karɓar robobi daga ɗalibanta a matsayin kuɗin karatu. Mu a nan ba sai mun je nesa neman kasuwa ba, domin 'yan jari-bola sun daɗe suna sayen ƙarfe da gwangwani da roba da kwali a kan kilo, kuma da yawa daga cikin yaran da ke aji sun fi malamansu sanin farashin kowanne. Abin da ya rage shi ne a ware buhuna daban-daban, na roba, na takarda, na gwangwani, a haƙa rami don ragowar abinci da ganyaye su zama taki ga lambun makaranta, a kuma daina ƙona leda a kusa da tagar ajin da yara ke shaƙar hayaƙinta.

Sai dai inda kuɗi ya shigo, nan ne amana ke shiga gwaji. Idan ɗalibai suka tara roba zango guda, aka sayar, kuɗin ya shige aljihun wani malami ko ya narke a cikin abin da ake kira "hidimar ofis", to an koya musu darasin da ya fi rashin yin aikin muni. Ya kamata a auna kayan a gaban idonsu, ma'ajinsu ya rubuta, a karanta adadin a taron safe, su kuma zaɓi abin da za a yi da shi, ko gyaran famfo ne, ko ƙwallo, ko sabulun bayan gida. Aikin malami a nan shi ne ya sa ido ya ba da shawara, ƙungiyar iyaye da malamai kuma ta duba littafin a ƙarshen zango.

Akwai ƙorafi guda biyu da ban ɗauke su da wasa ba. Na farko, iyaye suna da haƙƙin su ce karatu suka turo 'ya'yansu, ba su turo su yin aikin leburan da aka ƙi ɗauka ba. Amsar wannan ita ce a iyakance aikin ga sharar da makarantar kanta ta samar, a lokacin da aka ware masa, da safar hannu da wurin wanke hannu, kuma kada a taɓa tura yaro juji ko kwata neman roba don aji ya ci gasa. Na biyu, tsoron kada gwamnati ta samu kafar zamewa. Ledar ruwa, wadda ita ce ta fi yawa a harabar makarantunmu kuma ita ce ke toshe magudanai da damina, ba ta da nauyi, kuɗinta kaɗan ne, ba kullum ake samun mai saye a kusa ba. Ɗalibai ba za su iya maye gurbin hukumomin kwashe shara irin su REMASAB ta Kano ba, kuma ba su ne za su tilasta wa kamfanonin ruwan leda su karɓi ledojinsu ba. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar hana ledoji tun 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ya san cewa rubuta doka daban, aiki da ita daban. Abin da makaranta za ta iya yi a nata ɓangaren shi ne ta samar da tankin ruwan sha mai tsafta, kowane yaro ya zo da gorarsa, ledar ta ragu tun daga tushe.

Abin da ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙarshe shi ne yaye ɗalibai da sauya wa malamai wurin aiki. 'Yan ajin ƙarshe su ne shugabanni, jarrabawar WAEC da NECO ta ɗauke musu hankali, suna fita kuma komai ya tsaya. Saboda haka ya fi dacewa a damƙa ragamar a hannun 'yan aji huɗu da biyar, kowane mai muƙami ya kasance da mataimaki daga ƙananan azuzuwa, littafin awon mita da na sikeli kuma a miƙa shi hannu da hannu a gaban taron makaranta kafin hutun ƙarshen shekara. Haka kuma shugabannin makarantu su cire tsintar shara daga jerin hukuncin masu laifi, su nemi wani horon ga wanda ya makara.