Ɗalibin da bai san sunan maƙwabcinsa ba

A 'yan kwanakin nan iyaye uku sun tuntuɓe ni suna neman shawara kan tura 'ya'yansu karatu ƙasar waje, saboda sun san na yi shekaru huɗu ina karatu a Khartum ta ƙasar Sudan. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne: nawa ne kuɗin makaranta, wane kwas ne ya fi kasuwa, kuma shin za a karɓi takardar shaidar idan yaron ya dawo gida. Babu wanda ya tambaye ni a wace unguwa yaron zai zauna, ko da waɗanne mutane zai riƙa gaisawa da safe. Ni kuwa a ganina wannan ce tambayar da ta fi kusa da ran yaron, kuma abin da ya faru da ni a daminar 2020 ne ya sa nake faɗin haka.

Na tashi daga Kano a jirgin sama, kafin in gama mamakin ganin gajimare a ƙasana mun sauka. Wannan hanya ita ce kakanninmu suka riƙa bi da ƙafa da jakuna, daga Maiduguri su ratsa Chadi ta Abeshe, su shiga Darfur ta Jinena, su wuce Fashir da Ubayyid, har su kai Sawakin su jira jirgin ruwan Jidda. Wasu sukan yi shekaru a hanya, suna tsayawa su yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira domin su tara guzuri, wasu kuma zaman ya ɗore har suka haifi 'ya'ya da jikoki. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, ƙarƙashin ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Waɗannan mutane sun san ƙasar da tafin ƙafarsu, sun san inda rijiya take da inda kogi yake cika. Mu kuwa da dare muka sauka, 'yan uwanmu ɗalibai suka ɗauke mu daga filin jirgi zuwa ɗakin da aka dafa mana shinkafa da miya, kuma daga wannan dare har shekara biyu ba mu fita daga wannan ƙaramar Kano da muka gina wa kanmu ba. Da Hausa muke hira, da 'yan gida muke ƙwallo, Larabcin littafi kuma muke yi wa mai raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, har ya riƙa murmushi, domin ba haka mutanen gari suke magana ba.

A shekara ta uku mu huɗu muka bar ɗakin kwanan ɗalibai muka kama hayar gida a Kalakla, kudancin Khartum, ba nisa da Farin Nilu. Gidan yana da faɗi, yana da bishiyar darbejiya a tsakar gida, kuɗinsa kuma bai kai na wasu gidaje masu ɗaki ɗaya a tsakiyar gari ba. Dillalin bai ce mana komai ba, mu ma ba mu tambayi dalilin arahar ba, ko da yake tun muna yara muke jin cewa araha ba ta ado. A jikin katangar gidan ta waje akwai wani layi mai duhu da ya kai gwiwar mutum, wanda na ɗauka tsohon fenti ne. A bakin layinmu kuma akwai wani dattijo mai ƙaramin shago, Bahaushe haifaffen Sudan, wanda kakansa ya zo da ƙafa daga ƙasar Haɗeja. Hausarsa tsohuwa ce, gauraye da Larabci, kuma ba zan ɓoye ba, mukan kwaikwaye shi idan mun koma ɗaki. Mukan sayi burodi da sukari a wurinsa mu wuce. Wata bakwai muka yi a unguwar ban san sunansa ba, Baba kawai nake ce masa.

Shekarar 2020 ta zo da wahalhalunta tun kafin ruwa. Cutar korona ta sa an rufe makarantu da filin jirgin sama tun watan Maris, darajar kuɗin ƙasar tana faɗuwa kullum, mutum kuma yakan yi awanni a layin burodi ko na man fetur. Daga ƙarshen watan Agusta sai maganar kogi ta mamaye bakin kowa, mu kuma muna jin ta kamar labarin wata ƙasa. Dalilin sakacinmu shi ne a wurinmu ambaliya ruwan sama take bi: a yi hadari, a tafka ruwa, magudanai su cika, sannan gidaje su jiƙe. A Khartum kuwa sama tana iya kasancewa tas babu ko gajimare, amma kogi yana hawa. Ruwan da ke tayar da shi a tsaunukan Habasha yake sauka, ya taru ya gangaro ta Shuɗin Nilu daga tafkin Tana, ya iso ja wur saboda laka. A Mugran, inda kogunan biyu suke haɗuwa, ƙarfin Shuɗin Nilu yakan tokare Farin Nilu ya hana shi wucewa, sai ruwan ya riƙa komawa baya yana kumbura, ya malala cikin unguwannin da ke gefensa. Unguwarmu tana cikinsu. A wannan shekara tsawon ruwan a Khartum ya haura mita 17.5, abin da ya zarce na manyan ambaliyoyin 1946 da 1988, waɗanda tsofaffi suke kafa tarihi da su.

Wata rana da la'asar na je sayen sukari, sai Baba ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce, "Ɗana, ku ɗaure takardunku a leda ku rataye a sama, kuma yau kada ku kwana da ƙofa a kulle." Na ce, "To, Baba, mun gode," na koma na ba abokaina labari muna dariya, domin a ranar ko yayyafi ba a yi ba. Allah ya sa ɗaya daga cikinmu mai tsoro ne, shi ya tattara fasfo ɗinmu da takardun iƙama ya ƙulle a leda biyu ya ɗora a kan kwaba.

Wajen ƙarfe biyu na dare lasifikar masallaci ta tashe mu. Ba kiran salla ba ne, wani mutum ne yake ta maimaita magana da Larabcin gari cikin sauri, kuma duk da shekaru biyu da rabi da na yi ina karanta nahawu da balaga, kalma biyu kawai na kama: kogi da matasa. Muna tsaye a tsakar gida muna gardamar abin da ake cewa, sai aka buga ƙofarmu da ƙarfi. Baba ne, ya naɗe jallabiyarsa zuwa cinya, da fitila a hannu. Ya ce jingar da ke tare ruwa ta fashe, duk namiji mai lafiya ya fito. Da na taka ƙafata a waje na ji sanyi ya kama idon sawuna. Ruwan bai zo da ruri ko igiya ba, a hankali yake shimfiɗuwa a kan titi kamar wanda ya san hanya, yana ɗauke da ledoji da kashin awaki.

A bakin jingar na tarar da mutanen da nake wucewa kullum ban taɓa yi wa kallo biyu ba: mai gyaran raksha, malamin firamare, yaran da ke damun mu da ƙwallo a ƙofar gida. An jera layi biyu, wasu suna cika buhuna da ƙasa, wasu suna miƙawa hannu da hannu, wasu kuma sun shiga ruwa har ƙirji sun jingina da juna suna tare ɓarakar da jikinsu kafin a jera buhunan. Babu wanda ya tambaye ni daga wace ƙasa nake, wani kawai ya ce "ya zol", wato "kai mutumin nan", ya ɗora mini buhu a kafaɗa. Mata suna kawo shayi a manyan butoci. Wannan aiki suna kiransa nafir, wato dai gayya irin tamu, sai dai tasu ba ta mutu ba. Mun yi ta fama har gari ya waye, amma ruwan ya fi ƙarfinmu ta wani gefen. Da hantsi na ga gidan ƙasa na farko ya faɗi. Ruwa yakan jiƙa gindin katanga ne ya narkar da shi, sai ginin ya durƙusa a hankali kamar raƙumi, ƙura ta tashi a tsakiyar ruwa. Matar gidan tana tsaye a kan gadon igiya da aka fitar, riƙe da tukunya, ba ta yi kuka ba.

Ruwan ya shiga gidanmu ya tsaya daidai kan wancan layi mai duhu na jikin katanga, sannan ya ɗara shi da taƙi ɗaya. Sai a lokacin na gane ko wane irin fenti ne. Baba ya kwashe mu zuwa gidan ƙanwarsa da ke kan tudu, inda muka yi kwana goma sha ɗaya muna cin kisra, wato siririyar wainar dawa, da ful, wato dafaffen wake, tare da 'ya'yanta, ba a karɓi ko sisinmu ba, a lokacin da su kansu suke auna burodi. A can na san sunansa. A can kuma na ji ana labarin mutanen tsibirin Tuti da ke mahaɗar kogunan biyu, waɗanda suka yi suna tun 1946 wajen raba bakin kogi gida-gida, kowace ƙungiya da wurin da take gadi dare da rana. A farkon watan Satumba gwamnatin riƙon ƙwarya ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku, lokacin an rasa rayuka kusan 100, gidaje sama da 100,000 kuma sun rushe ko sun lalace. Bayan janyewar ruwa sai sauro ya karɓi aiki, masai sun rufta sun gauraya da ruwan kwance, kuma biyu daga cikinmu suka kwanta da zazzaɓin cizon sauro.

Shugabannin ɗalibanmu sun kira mu a waya a kwana na uku, suka rubuta sunayenmu, suka ce za a duba. Ban zarge su ba, domin su ma yara ne kamarmu, a can wani gefen gari, babu mota babu kuɗi. Iyayenmu kuma ba su da abin yi sai addu'a da kiran waya. Duk wanda zai iya miƙa mana hannu a wannan dare yana zaune ne tsakanin ƙofarmu da bakin layi, kuma su ne mutanen da muka yi wata bakwai muna wucewa.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba na raina shi. Suna gargaɗin yaro ya kama kansa, kada ya shiga sabgar mutanen gari, saboda tsoron miyagun abokai da rigingimun siyasa. Wanda ya ga abin da ya faru a titunan Khartum lokacin zanga-zangar 2019 ba zai ce wannan tsoro banza ne ba. Amma akwai bambanci tsakanin shiga zanga-zanga da zuwa ta'aziyyar maƙwabci. Mun haɗa su wuri ɗaya muka guje wa duka, muka kira hakan kamun kai, alhali akwai girman kai a ciki. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne yadda muke kallon Hausawan Sudan. Mutane ne da suka riƙe harshenmu shekara fiye da ɗari a tsakiyar Larabawa, har tsirenmu suka koya wa ƙasar ana kiransa agashe, suna kuma fama da masu yi musu kallon baƙi a ƙasar da aka haifi kakanninsu. Mu da ya kamata mu zauna a gabansu mu koyi ƙasar, sai muka tsaya muna dariyar lafazinsu.

Don haka ga abin da na faɗa wa iyayen nan uku. Yaro ya koyi harshen kasuwa tun watanninsa na farko, ko da malamansa za su ce gurɓatacce ne, domin ba da harshen littafi ake shelar gudu ba. Kafin ya biya kuɗin haya ya tambayi tsohon unguwa, ba dillali ba, abin da wurin yake yi da damina, domin kowace ƙasa tana da irin nata bala'in: wanda ke Jidda ya san abin da ruwan sama ya yi wa birnin a 2009, wanda ke Turkiyya kuma ƙasa ce take motsi a ƙarƙashinsa. Idan uba ya kira ɗansa yana tambayar sakamakon jarrabawa, ya ƙara da tambayar sunan mai shagon bakin layi da na limamin unguwa. Ɗaya daga cikin iyayen ya yi dariya ya ce shi karatu ya tura yaro, ba zumunci ba. Ban yi masa gardama ba, domin ni ma haka na ɗauka lokacin da na hau jirgi.

Na dawo gida a 2021. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, ƙannenmu da ke can suka yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su, na riƙa kiran Baba kullum. Sau biyu na same shi. A na biyun ya ce za su nufi wajen dangi a Sinnar, ya kuma tambaye ni ko abokina mai tsoro ya yi aure. Tun daga ranar lambar ba ta sake shiga ba, amma har yanzu nakan gwada ta duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.