Kwalin Takalmin da Ke Saman Durowata

Tun ranar da na sa hoton katunana na 'yan wasan besbol a nan, tambaya ɗaya ce ke ta shigo mini, a fili da ta akwatin saƙo: "Malam, nawa za a saya?" Wani ɗan uwa daga Kumasi har da turo mini labarin katin Mickey Mantle na 1952 da aka yi gwanjonsa a kan dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022, ya ce in bincika da kyau ko akwai irinsa a cikin nawa. Babu, kuma ba shi nake nema ba. Na ga gara in zauna in yi bayani sau ɗaya, domin abin yana ci mini rai yadda maganar kuɗi ta danne duk wata magana a kan wannan sha'awa.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, ɗan kwali ne, faɗinsa inci 2.5, tsawonsa 3.5, bai cika tafin hannun babba ba. A gaba hoton ɗan wasa ne da sunan ƙungiyarsa. A baya kuwa ƙananan rubutu ne cunkus: garin da aka haife shi, tsayinsa, nauyinsa, hannun da yake jifa da shi, sai layi-layi na alƙaluman abin da ya yi a kowace shekara. Yawancin mutane gaban suke kallo. Ni bayan ne ya kama ni.

Lokacin da na zo unguwar Bronx ta birnin Niyok a Amurka ban san komai a wasan nan ba. Abin da kawai na sani shi ne ranar da ƙungiyar besbol ta Yankees ke wasa a gida, titi na 161 ba ya biyuwa, kuma ni da tasi nake neman abinci. A ƙofar benen da muke haya akwai wani dattijo ɗan Puerto Rico da kullum da yamma yake fito da kujerarsa da 'yar rediyo. Ina gaishe shi yadda muka saba gaishe da manya, in ɗan rusuna in ce Baba, shi kuma abin yana burge shi. Wata rana ya tambaye ni sunana, na faɗa masa guntun sunan da fasinjoji da abokan aiki suka yanke mini don ya zo musu da sauƙi a baki. Ya girgiza kai ya ce ba wannan ba, wanda mahaifina ya raɗa mini. Na faɗa, ya maimaita har sau uku sai da ya daidaita shi. Kashegari sai ga shi da kati biyu a cikin ambulan.

Duk biyun na mutum ɗaya ne, Roberto Clemente na ƙungiyar Pittsburgh Pirates, mai lamba 21, ɗan Puerto Rico kamar Baba. Baba ya ɗora yatsa a kan na farkon ya ce in karanta. An rubuta "Bob Clemente". Tun daga 1957 har zuwa 1969 haka kamfanin Topps ya riƙa buga sunansa, alhali shi ya sha faɗa cewa sunansa Roberto. Shekara 13 ana raba wa yaran Amurka katinsa da sunan da bai yarda da shi ba. Na biyun na 1973 ne, an rubuta Roberto daidai, amma kafin katin ya fito mai shi ya riga mu gidan gaskiya. Girgizar ƙasa ta rushe Managua, babban birnin Nikaraguwa, ranar 23 ga Disamban 1972. Clemente ya tara kayan agaji, da ya ji ana karkatar da waɗanda aka aika da farko sai ya ce da kansa zai raka na gaba. Daren 31 ga Disamba jirgin ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga San Juan, babban birnin Puerto Rico. Yana da shekara 38, kuma ba a ga gawarsa ba.

Na juya bayan katin. A layin ƙarshe, inda ake haɗa jimilla, an rubuta 3,000 cif. Wato sau 3,000 ke nan a rayuwarsa ya doki ƙwallo ya kai zango lafiya ba a fitar da shi ba, kuma na 3,000 ɗin ya yi shi ne ranar 30 ga Satumban 1972, wata uku kafin rasuwarsa. Ko ɗaya bai ƙaru a kai ba. Na daɗe a zaune a kan matakalar benen nan ina kallon lambar. Gefen katin ya ɗan lanƙwashe, kusurwa ɗaya ta yi laushi saboda yawan taɓawa. Baba ya ce tun yana saurayi yake tare da shi. Daga ranar na daina amsa guntun suna, kuma daga ranar na fara tara kati.

To kun ji abin da nake nema a cikinsu. Kowane kati ɗan shafi ne na tarihin ƙasar da nake zaune a cikinta, wanda aka rubuta shi a lokacin da abin ke faruwa, ba a gyara shi daga baya ba. Ku ɗauki katin Hank Aaron na 1974, wanda shi ne lamba 1 a jerin shekarar. Topps sun buga a kansa cewa shi ne sabon sarkin masu cilla ƙwallo bayan katanga tun bai kai ga karya tarihin Babe Ruth ba, domin ya ƙare kakar 1973 da 713, Ruth kuma yana da 714. Sai ranar 8 ga Afrilun 1974 ya buga na 715 a Atlanta. A watannin da ke tsakani, wasiƙun zagi da barazanar kisa suka riƙa zuwar masa buhu-buhu, don kawai baƙar fata zai wuce farar fata. Ina da katin nan, ba mai tsada ba ne a yanayin da nawa yake, kuma duk lokacin da ɗana ya dawo makaranta da wata magana da aka yaɓa masa, shi nake ɗaukowa mu zauna.

Har katunan da babu su ma suna magana. Kafin Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilun 1947, baƙaƙen 'yan wasa a gasarsu ta daban suke bugawa, kamfanonin Amurka kuwa ba su damu da buga musu kati ba. Wanda yake son katin Oscar Charleston na zamanin da yake wasa, sai ya nemi waɗanda aka buga a Kyuba a shekarun 1920, inda suke zuwa wasa lokacin sanyi. Josh Gibson ya rasu a 1947, fitaccen katinsa kuwa a Puerto Rico aka buga shi bayan mutuwarsa. Sai a 2024 aka haɗa alƙaluman gasar baƙaƙe da na babbar gasar besbol ta Amurka, Gibson ya koma na ɗaya a tarihi wajen ƙimar bugu, wato yawan bugun da ya yi nasara idan aka auna da yawan zuwansa bugu. Idan ka jera katunan shekarun 1930 a kan tebur ka ga fuskokin da ke ciki, ba ka buƙatar wani malami ya yi maka lacca a kan wariyar launin fata.

Ban ce kuɗi baƙo ne a harkar ba. Tun asali talla ce ta haife ta. Kamfanonin taba ne suka fara cusa kati a cikin kwalin sigari, kuma shahararren katin Honus Wagner ya fito ne daga jerin da American Tobacco Company ta buga tsakanin 1909 da 1911. An janye nasa da wuri. Wasu sun ce ba ya son yara su sayi taba don neman hotonsa, wasu sun ce a kan biya aka saɓa. Shi ya sa 'yan kaɗan suka rage, har aka sayar da ɗaya dala miliyan 7.25 a 2022. Bayan taba sai cingam. Wannan ɓangaren ba baƙo ba ne a wurinmu: mu ma muna yara mun sayi cingam don hoton da ke ciki, mun tsinci kwalayen sigari a bakin kasuwa mun yi wasa da su. Yaran Amurka ma haka suka yi da nasu. Sukan maƙala kati a wayar ƙafar keke don ya riƙa ƙara kamar babur, su ɗaure sauran da roba su tura a aljihu, in sun girma sun bar gida uwa ta share ɗaki ta zubar da kwalin. Tsadar tsofaffin katuna daga nan ta samo asali: ba wanda ya ɗauke su dukiya, don haka kaɗan suka tsira. Sy Berger na kamfanin Topps, wanda ya tsara jerin 1952 da katin Mantle ke ciki, da bakinsa ya ba da labarin yadda suka loda ragowar da ba a saya ba a jirgin ruwa suka juye a tekun Atilantika, don sun cika musu sito.

Da mutane suka farga a ƙarshen shekarun 1980, kowa ya fara saye yana adanawa, kamfanoni kuma suka buɗe injin suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Yau katunan 1987 zuwa 1994 sun yi yawan da kusan kyauta ake ba da su. Ni kuwa ina son su, don da su na koya wa ɗana karanta bayan kati ba tare da ina tsoron ya lanƙwasa ba.

Inda raina yake ɓaci shi ne abin da harkar ta koma yanzu. Tun da aka kafa kamfanin tantancewa na PSA a 1991, sai ka aika katinka su duba kusurwoyi, gefe, fuska da daidaiton hoton a tsakiya, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a gidan roba da ba ya buɗuwa sai an fasa. Na yarda yana da amfani wajen kama jabu. Ni kaina an taɓa sayar mini da kati a intanet wanda aka aske gefensa da reza don ya yi kamar sabo, ban gane ba sai da wani tsohon hannu ya aza shi a kan wani ya nuna mini ya gaza faɗi. Amma yanzu za ka je baje kolin katuna ka ji samari suna ciniki na rabin sa'a, "tara ne", "goma ne", ba wanda ya ambaci abin da ɗan wasan ya yi a fili. Na taɓa tambayar wani matashi da ke riƙe da katin Clemente a gidan roba ko ya san yadda mutumin ya mutu. Bai sani ba. Farashin makon da ya wuce kuwa yana bakinsa.

Mafi muni shi ne wanda ake yi kai tsaye a bidiyo. Mutum ya sayi kwali mai tsada, ya sayar wa mutane da gurbi-gurbi, a yi ƙuri'a a raba musu ƙungiyoyi, sannan ya farke a gaban kyamara. Duk katin da ya fito na ƙungiyar da ta faɗo maka, naka ne. Kana iya biyan kuɗi mai yawa ka tashi da abin da bai kai kuɗin aikawa ba. Ko da wane suna aka kira shi, ni a wurina caca ce, kuma yara ƙanana suna kallo a wayoyinsu har tsakar dare. A lokacin korona hauka ya kai ga shagunan Target suka dakatar da sayar da katuna a watan Mayun 2021, bayan wani faɗa da aka yi a filin ajiye motoci a jihar Wisconsin har aka zaro bindiga. 'Yan uwana da ke nan Amurka, don Allah ku duba abin da 'ya'yanku ke kashe kuɗi a kai. Sha'awar kati daban, wannan daban.

In ana maganar wanda ya tara don ƙauna, Jefferson Burdick nake tunawa. Ma'aikaci ne daga Syracuse, shi ya tsara kundin da ya raba wa tsofaffin katuna lambobi, har sunan T206 da ake kiran jerin Wagner da shi daga wurinsa ya fito. Bai sayar da tarinsa ba. Ya ba gidan tarihi na Metropolitan a nan Niyok kyauta, ya ƙare shekarunsa na ƙarshe yana zaune a can yana manna su a kundi da hannunsa, ciwon gaɓɓai na cin sa, ya gama a farkon 1963 ya rasu a shekarar. Manna kati da gam a yau sai a ce ka kashe darajarsa. Shi so yake wani ya zo bayansa ya buɗe ya gani.

Nawa tarin bai fi cikin kwalin takalmi ɗaya da kundi biyu ba. Akwai shafin da na ware wa Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, ɗan wasa na farko haifaffen nahiyarmu da ya buga a babbar gasa, a watan Afrilun 2017, kuma da rigar Pirates, rigar Clemente. Ba ya da tsada ko kaɗan, amma a shafin farko yake. Babban aikin da na sa a gaba shi ne in haɗa katunan nan 13 da aka rubuta "Bob", in jera su, sannan in bi su da na 1970 inda aka mayar masa da sunansa. Ba na neman masu maki, ba na neman na gidan roba. Wanda yaro ya taɓa sa wa a aljihu ya ishe ni. Na samu takwas, har da wanda Baba ya ba ni. Shi ya koma Puerto Rico wurin 'yarsa shekara biyu da suka wuce, amma duk wanda na samu sai na ɗauki hotonsa na tura masa. Na 1957 da na 1958 su ne za su ba ni wuya. Asabar mai zuwa akwai baje koli, ni da ɗana za mu je da sassafe kafin wurin ya cika, ya riga ya rubuta shekarun da suka rage a 'yar takarda ya sa a aljihun rigarsa.