Shan taba cikin gini: hukuncin ba na mai shago ba ne

Masu cewa "shagonsa ne, ya yi yadda ya ga dama" su dubi Sifen. A 2006 dokarsu ta bar wa ƙananan mashaya da gidajen abinci, waɗanda faɗinsu bai kai murabba'in mita 100 ba, zaɓin su hana shan taba ko su ƙyale. Mafi yawansu suka ƙyale, don duk wanda ya hana shi kaɗai, kwastomansa za su tsallaka shagon maƙwabci. Dole ta sa a 2011 gwamnati ta hana kowa da kowa.

Kwastoma yana iya tashi ya tafi. Mai kawo abinci da yaron da ke sauya gawayin shisha fa? Su ne ke wuni a ciki, kuma ba wanda ya tambayi ra'ayinsu.

Sai batun "ai mun sa esi". Irin esin da ake maƙalawa a bango iskar ɗakin take ja ta sanyaya ta maido, ba ta shigo da sabuwa daga waje. Fanka kuwa raba hayaƙin take yi har ya isa ga wanda ke can nesa. Ɗakin masu shan taba na gaskiya yana buƙatar bango har silin, ƙofa mai rufe kanta, da fankar zuƙe iska zuwa waje wadda bututunta bai haɗu da na sauran ginin ba. Ko an yi hakan, duk buɗe ƙofa sai hayaƙi ya sulale, in kuma aka ɗauke wuta, fankar ta tsaya ke nan. Shisha ta fi muni a rufaffen ɗaki: gawayinta na fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari, sai dai a ji ciwon kai da jiri.

A nan dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta yi sako-sako, tunda ta bar ƙofar ware wurin masu sha, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsarin shigar da iska da fitar da ita ba ya kare wanda ba ya sha. A toshe wannan gurbin, sannan a ɗora hukuncin a kan lasisin wurin, don jami'i ba zai iya bin masu zuƙa ɗaya bayan ɗaya ba. Mai shago ya ware musu rumfa a waje, nesa da ƙofa da taga.